Ranar da Na Tsuguna Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida mahaifin Hadiza a Gubuchi ba, ana saura wata biyu aurenmu. Lokacin shekara ɗaya da rabi ke nan da na faɗi a babur a hanyar Kudan, ƙashin cinyata ya goce daga kwatangwalo. An mayar da shi a asibiti, na yi watanni ina dogara sanda, na sha gashin ƙashi har na gode Allah. Ƙafa ta warke, amma tsoro ya ƙi barina. Likita ya taɓa ce mini, "Ka guji tsuguno, yana iya sake gocewa." Wallahi tun daga ranar ko sallah a kan kujera nake yi.

To, wa ya taɓa gaida suruki a tsaye? (Kuma ni da wautata na hana Hadiza gaya musu, wai kar a ce gurgu za ta aura.)

Na tarar da tsohon a zaure kan tabarma. Na yi sallama, na karanto duk addu'ar da na sani, na fara sauka a hankali kamar mai sauke tulu cike da ruwa. Gumi ya jiƙa mini riga sharkaf. Kaina a sunkuye ina ta "Lafiya lau, Baba," amma hankalina kacokan yana kan ƙugu.

Sai na ji ƙas!

Jama'a, ban san lokacin da na zube ba. Na miƙe ɗoɗar ina kururuwa: "Innalillahi! Ya fita! Kar wanda ya taɓa ni! A nemo mota, a kai ni Zariya!" Har da hawayena, ni ƙato guda. Matan gidan suka fito a guje.

Da na buɗe ido, sai ga tsohon riƙe da rake, guntu a kowane hannu. Ashe ni ya karya wa.

"Malam, me ya fita?"

Na motsa ƙafa, lafiyarta ƙalau. Dole na kwashe labarin kaf na faɗa masa, ina kwance.

"Haba ɗana, ai da ka faɗa, da kujera aka kawo maka."

An dai ɗaura auren. Yanzu duk gidan da na shiga, kafin in faɗi sunana sai na faɗi ciwona. Shi kuma Baba har yau in zai karya rake, sai ya dubi mutanen zaure ya ce, "A riƙe Malam."