Yadda Ake Biko a Kan Keken Kabon

Idan matarka ta yi yaji, ka tura dattawa sun dawo da kunya, to zauna ka karanta. Ni tun kafin a yanke mana Kebbi daga Sakkwato nake yawon Ikko da Kwatano, in kai albasa in dawo da gwanjo, kuma da idona na ga dabarar nan ta ci a kan Haliru na Aliero. Matarsa Safiya ta koma gidan ubanta a Mungadi, wai ba ya jin magana. Bi matakan nan, matarka za ta dawo. Yadda za ka riƙa zama bayan nan ba ya cikin alkawari.

1. Sayi keken da ba na ƙasarku ba

Manta da baƙin keken ƙarfe na ubanka, mai ɗaukar buhun albasa da kai da akuya. Nemi na tsere, mai siraran tayoyi, wanda ba shi da kariyar ɗora kaya. Sandar da ke riƙe da sirdinsa baƙa ce, ba nauyi, wai sunanta kabon: zare ne aka saƙa aka daskarar da danƙo. Haliru ya ɗaga nasa da hannu ɗaya a kasuwar Jega, ya ce, "Wanga in Safiya ta gane shi, da kanta za ta naɗe tabarma."

2. Kada ka saurari mai sayarwa

Zai ce maka 'yar jakar da ke ƙarƙashin sirdi ta faci ce da sifana, kada a ƙara mata komai, kada a matse sandar. Ka yi murmushi. Mutumin da matarsa ta bar shi don rashin jin magana, ba a kasuwa zai fara ji ba. Ni da na sayar wa Haliru nasa na yi masa wannan gargaɗi, ya ce, "Baba, Turawa ba su san kaya ba, shi ya sa."

3. Cire 'yar jakar, rataya ta maza

Biko ba a zuwansa hannu sake. Sami buhun taki ka zuba goro, sukari, sabulu, turmin atamfa, da albasa mai kyau ta gaban goshi don surukuwa. Ɗaure bakin buhun a jikin sandar da robar tsohon tif. Roba tana santsi, saboda haka bi ta da waya, ka murɗe da filaya har sai ka ga ta nutse cikin baƙin nan. Idan ta nutse, ta kama ke nan. Yashin hanya zai shiga tsakani ya riƙa gurza, buhu yana lilo yana taimaka masa. Kai naka tuƙi.

4. Idan ka ji ƙas-ƙas, ɗauki dutse

Ƙarfe yana da ladabi: kafin ya karye sai ya lanƙwashe, ka gani, ka buga ya miƙe. Kabon ba a koya masa wannan tarbiyya ba. Tsaye yake ƙyam har ranar da zai sallame ka. To ka yi masa abin da ka saba yi wa ƙarfe. Haliru ya tsaya wajen Maiyama, ya ƙara ɗaure notin sirdi iya ƙarfinsa, ya ɗan bubbuga sandar da dutse don ta shiga hankalinta. Ƙarar ta yi shiru. Duk abin da ya yi shiru ya warke, haka ake gane lafiya.

5. Kada ka sauka daga nesa

Ɗan mutunci yakan sauka tun daga bakin gari, ya turo keke, ya tuɓe takalmi kafin ya isa tabarmar suruki. Amma wa zai ga keken? Taka feda har ƙofar gida, ka gyara zama, ka jingina nauyinka baya yadda mata za su hango ka ta saman darni.

A nan ne sandar Haliru ta ce ɗas. Sirdi da buhu suka yi baya, shi kuma ya sauka a kan guntun da ya rage, mai tsini kamar karan dawa da aka sare, daga nan ya zarce ƙasa a gaban Malam Waliyyu, uban Safiya. Albasa ta gangara har cikin masu alwala.

6. Kada ka tashi

Ba za ka iya ba ma. Malam Waliyyu ya dube shi a kife, ya ce, "Haliru, tun da kake aure gidan ga ban ga ka yi gaisuwa irin wagga ba. Tashi hakanan, an yahe."

"Baba, ba ni iyawa."

"To ci gaba, ba mu ƙi ba."

7. Karɓi matarka

Safiya ta fito da mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa. Ta tambaye shi, "Mai keken bai hana ka ɗora kaya ba?"

Haliru ya ce, "Ya hana."

"Ka ji?"

"Yanzu na ji."

Ta ce tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba. Ta koma Aliero ranar, a amalanken ubanta, tana zaune a kan buhun biko, shi yana kwance rubda ciki. Ta ce gashin ruwan zafin nan ba za ta bar wa kowa ba, ita za ta yi da hannunta, kuma ba za ta surka ba.

Gargaɗi

Wanda ya bi matakan nan, shi da mazauninsa. Ba ni da wata sanda, ba a walda ta, ba na karɓar keke da aka dawo da shi gida biyu. Idan taka matar ta yi dariya ta koma ciki ta rufe ƙofa, ni da ma Safiya kaɗai na sani. Haliru yana nan rumfar albasa a Aliero, kana iya tambayarsa. Ba shi da wuyar ganewa, shi ne wanda ke ciniki a tsaye.