Rasuwar Nani, Injin Wutar Garin Gulbast

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yau bai sauka ba, Zarmast Baig, manajan ofishin wutar lantarki na garin Gulbast, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, masu mita da masu satar wuta baki ɗaya, rasuwar Nani, injin da ruwan rafi ke juyawa yana ba garin nan wuta. Ta cika ranar Talata da ƙarfe goma da kwata na safe, a ɗakinta da ke gindin dutse, tana da shekara arba'in da ɗaya. Manajan yana tsaye a kanta lokacin da abin ya faru.

Duk wanda ya san marigayiya ya san mai haƙuri ce. Ba ta taɓa neman komai ba sai ruwa da giris. Ba ta bambanta gidan mai gonar tuffa ɗari biyu da ɗakin mai gadin makaranta, kowa daidai take haska shi. Muryarta ɗaya ce rani da hunturu, wani huuum mai zurfi da ake jiyowa tun daga gada, har ta kai mutane sun daina jin sa. Zarmast ne kaɗai bai daina ba. Shekara goma sha tara yana sauka wurinta kowace safiya kafin ya karya, ya ɗora tafin hannu a murfinta ya ji ko da zazzaɓi. Matarsa Nayab takan ce da yana taɓa goshin 'ya'yansa kamar yadda yake taɓa na Nani, da babu wanda mura za ta kama a gidan.

Ciwon ajali ya fara ne shekara shida da suka wuce. Wata safiya aka ji wani siririn ƙiii yana bin bayan muryarta. Aka kira Hazar Wali bakanike, ya kafa sukudireba a jikinta, ya ɗora kunne a kan mariƙin, ya saurara.

"Manaja, boris ya cinye," in ji shi. "Koyil ma ya fara gasuwa. In an yi mata aiki bana, za ta binne ni da kai. In ba a yi ba, to, ku fara neman kyandir."

Aiki kuwa sai da kuɗi, kuɗin ofishin kuma daga takardar wuta yake fitowa. Rufi uku, kuɗin ƙasar nan, ake biyan yunit a gidaje, kuma haka yake tun shekarar da aka haifi babbar 'yar Zarmast, wadda yanzu take goye da nata ɗan. Sai ya zauna ya tsara abin da yake ganin ba wanda zai ƙi: yunit hamsin na farko su tsaya a rufi uku, don kada a taɓa mai ƙwan fitila biyu da rediyo, abin da ya haura haka ya koma biyar. Ya kai takardar gaban kwamitin wuta na gari, mutum bakwai, ƙarƙashin ciyaman Mirza Dilawar.

Ciyaman ya karanta, ya cire tabarau, ya yi murmushi irin na mai lallashin yaro.

"Ƙanena, kana son talakawa su tsine mana?"

"Ranka ya daɗe, talaka ba ya kai yunit hamsin. Masu hitar ɗumama ɗaki uku-uku da tukunyar ruwan zafi ne za su biya."

Duk mai hita uku da ke garin kuwa yana zaune a kan wannan tabarmar. Kansila Sherzaman ya yi gyaran murya ya ce shi dai jiya ya wuce ta gada, kuma lafiya lau ya ji injin yana aiki. Aka ɗage magana zuwa bayan zaɓe, aka kawo shayi mai gishiri. Bayan zaɓe aka ɗage zuwa bayan girbi. Sau goma sha ɗaya Zarmast ya kai takardar nan, har ninkinta ya yage ya liƙe da salatif.

A cikin waɗannan shekaru marigayiya ta ɗauki nauyin da ba nata ba. Ciyaman ya gina masaukin baƙi mai ɗaki goma sha huɗu, aka yi masa rajista a matsayin gidan zama don ya biya kuɗin wuta irin na gidaje. Da Zarmast ya ɗaga gira, sai ciyaman ya ce, "Gida ne mana. Ranar da muka yi faɗa da iyali a nan nake kwana." Mutum ɗaya ce ta taɓa zuwa ofis ta ce a ƙara mata kuɗi, Bibi Zainura, gwauruwar da ke ɗinki a bayan kasuwa.

"Ɗana, ni kekena ne abincina," ta ce. "Ka rubuta mini biyar ɗin, ka gyara tsohuwar nan."

"Inna, ba ni da ikon karɓa. Sai kwamiti ya sa hannu."

"To Allah ya ba kwamiti hannu."

Hunturun bana ya zo da ƙarfi. Ƙanƙara ta kama bakin rafi, ruwa ya ragu, kowane gida ya kunna abin ɗumama ɗaki. Ƙiii ɗin Nani ya koma gurnani, murfinta ya yi zafin da tafin hannu ba ya iya zama a kai. Zarmast ya fara raba wuta, kowace unguwa ta haƙura awa biyu da safe. Ranar Talata layi ya zo kan Unguwar Sama, inda masaukin ciyaman yake, kuma a ranar yana da manyan baƙi daga birni. Ƙarfe tara da rabi Mirza Dilawar ya sauko ɗakin Nani da kansa, cikin babban bargonsa.

"Maido mana da wuta. Baƙina suna rawar ɗari."

"Ranka ya daɗe, taɓa ta ka ji. Ba za ta iya ba."

"Shekara shida kana cewa ba za ta iya ba, ga ta nan tana yi. Minti talatin kawai. Ko kuwa in nemo manajan da ya san yadda ake ɗaga makunni?"

Hazar Wali yana gefe yana girgiza kai. Zarmast ya dube shi, ya dubi ciyaman, ya tuna saura shekara biyu ya yi ritaya. Ya ɗaga makunnin da hannunsa. Ya nemi a rubuta wannan a cikin sanarwar nan kamar yadda ya faru, don tun ranar bai ci abincin kirki ba.

Ta yi ƙoƙari. Kusan minti arba'in tana ja, muryarta na hawa tana sauka. Sai ƙaurin ƙonanniyar roba ya cika ɗakin, aka ji kwas, sannan wani dogon gurrr da ya riƙa raguwa har ya ɗauke. A karon farko a rayuwarsa Zarmast ya ji ƙarar ruwan rafi daga cikin ɗakin nan.

Kafin azahar mutane sun cika ƙofar ofis suna kiransa ɓarawon giris. Ciyaman ya tsaya a gabansu, ya juyo gare shi cikin alhini ya ce, "Haba ƙanena, me ya hana ka gaya mana abin ya yi tsanani haka?"

Marigayiya ta bar mita ɗari takwas da goma sha biyu, da wayoyin sata da ba a san adadinsu ba. Ta bar injin niƙa guda uku, da lasifikar masallaci, da keken Bibi Zainura wanda yanzu aka lulluɓe da zane. Ta bar firjin asibiti, wanda ma'aikaciyar jinya ta kwashe alluran rigakafin da ke cikinsa ta bi motar kaya da su zuwa garin gaba, tafiyar awa uku. Ta kuma bar magaji, wani janaretan dizal na haya da aka kawo jiya, mai hayaƙi da tsiwa, wanda zai ba da wuta awa huɗu a yini a kan rufi talatin da takwas kowane yunit, ba babba ba yaro. Kwamiti ya amince da wannan farashi baki ɗaya kafin shayi ya huce.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Hazar Wali ne zai kwance ta ya wanke. Dillalin tsofaffin ƙarafa zai jira da sikelinsa a tsallaken rafi, kuma tun da mota ba ta hawa gadar katako, sai an ɗauki gawar a kafaɗa, a kan itace biyar, mutum arba'in. Za a karɓi gaisuwa a ofis kwana uku. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su tambayi yaushe za a kawo wuta, kuma kada kowa ya ce wa manajan kwana ne ya ƙare.

Wajen ɗauka, ɓangaren koyil shi ne ya fi nauyi, kuma hanyar gada tana da santsi. Manajan zai kama gaba da kansa. Sauran gurabe bakwai na wannan gefen an keɓe su ga 'yan kwamiti, kowa da sunansa a jikin itacen. Ba a karɓar wakili.