Injiniya da Sifirin Butar Shayi

Wani ne fa, matarsa na tsaye da dutsen guga a hannu, sai fiyus ɗin filogi ya ce ɗas, komai ya mutu. Soket ɗaya tal ke aiki a ɗakin. A jikinsa suka jona doguwar wayar nan mai baki huɗu, butar shayi ta lantarki, dutsen guga, hotfilet na girki, duk a kanta.

Kuma ka san abin da ya ƙara wa abin gishiri? Surukinsa na zaune a falon. Tsoho ya zo taron tsofaffin ma'aikata, shi zai yi jawabi ƙarfe goma, rigar fita ɗaya ya taho da ita, ita ake son gogewa. Tsohon nan shekara talatin ya yi yana hawa turken wuta. Shi ko gogan naka bidiyo biyu ya kalla a waya, tun ranar ya ce a riƙa ce masa Injiniya.

Matar ta ce, "Bari in cire butar, in na gama guga a dafa."

Ya ce, "Ki cire? A gaban Baba? A ce gidana shayi na bin layi?"

Tsoho ya gyara murya zai yi magana. Gogan ya rusuna, "Baba ku huta. Ai yanzu ba a hawa turke, lissafi ake yi."

Ya zaro waya ya buɗe kalkuleta.

"Wutar gida bolt ɗari biyu da ashirin. Fiyus an rubuta masa amfiya goma sha uku. A ninka su, wat dubu biyu da ɗari takwas da sittin. Iya kayan da zai ɗauka kenan. Ke, karanto min gindin butar."

"Dubu biyu."

"Dutsen guga?"

"Dubu da ɗari biyu."

"Hotfilet?"

"Dubu."

"Dubu huɗu da ɗari biyu. Kaya sun fi ƙarfin jaki."

Wallahi har nan daidai yake, ni ma na buga na gani. Har tsoho ya gyaɗa kai, ka ga alamar ya fara cewa ashe 'yata ba ta faɗa rijiya ba.

Matar ta ce, "To ai abin da na faɗa kenan, a cire ɗaya."

"Wannan maganin marasa ilimi ne. Ba ni reza."

Ya kifa butar, ya kankare sifiri ɗaya daga dubu biyun nan tas. Ya hure.

"Yanzu nawa?"

"Ɗari biyu... Injiniya, lafiyarka kuwa?"

"Jimla dubu biyu da ɗari huɗu. Har da sauran wuri, ki jona cajarki."

Ya sa sabon fiyus, ya kunna. Butar ta fara kuka, shi ya fara murmushi yana satar kallon suruki. Ko minti biyar ba a yi ba, ɗas!

Tsoho ya ce, "Ɗana..."

"Baba ku gafarce ni, na gano shi. Ba laifin butar ba ne, ita ta yarda. Fiyus ɗin ne ya riƙe goma sha ukunsa kamar gadon ubansa."

Ya nemi biro zai mayar da ukun jikin fiyus takwas, biro ya ƙi kamawa. Ya buga ƙafa ya shiga laluben akwatin tarkace. Can sai ga shi da guntuwar ƙusa, yana washe baki.

"Ke duba nan. Me aka rubuta a jikinta?"

"Ba komai."

"Yauwa! Abin da ba a rubuta masa iyaka ba, ina zai san ya gaji?"

Ya cusa ƙusa a gurbin fiyus, ya ɗaure, ya kunna. Kai jama'a! Buta na tafasa, hotfilet ya yi ja, dutsen guga ya ɗau zafi. Matar ta shimfiɗa riga a tabarma ta fara guga, gefen rigar ya hau kan wayar. Gogan ya harɗe hannu a ƙirji, ya ce, "Baba, a zamaninku nawa kuke ɗauka kafin ku gano irin wannan?"

Tsoho ya shaƙi iska. "Me ke ƙauri?"

"Ƙarfin wuta ne, Baba. Haka yake wari in ya cika."

Matar ta ɗaga riga, sai ihu. Waya ta narke kamar kyandir, ta manne a bayan riga, hayaƙi na tashi. Tsohon da ke dafa bango kafin ya miƙe, ban san lokacin da ya yi tsalle ya kashe babban makunni ba.

Tsoho ya ɗaga rigarsa sama, ya leƙo surukinsa ta cikin ramin da wayar ta ƙona. Goma saura kwata.

Ya ce a hankali, "Ɗana, butar nan amfiya tara take sha. Raba bolt ɗinka da tara, turjiyarta wajen om ashirin da huɗu. A cikin ƙarfenta abin yake. Ko ka kankare duk rubutun, ko ka rubuta sunanka a wurin, tara za ta sha. Wuta ba ta iya karatu ba."

Gogan ya kalli butar, ya kalli ƙusar, ya kalli ramin riga. Sannan ya rusuna har ƙasa.

"Allah ya ƙara girma, Baba. To in ba ta iya karatu ba, wa ake rubuta wa lambar?"