Goshina da Lefen Bilki

Ko daga barci aka tashe ni, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kawo lefen Bilki ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, da kaina da kuma wani likitan Landan da ko sunansa ban riƙe ba.

A danginmu kowa da aikinsa, ni nawa ɗaure fuska ne. In an kawo lefe ba na cewa uffan. Ina gefe a zaune, 'yan'uwa na buɗe akwati suna satar kallon goshina. In na haɗa gira, Yaya Hajiya, babbarmu, sai ta mayar da murfi ta ce a koma a gyaro. In na saki fuska, a rangaɗa guɗa a ba da tukuici. Da haka muke aurar da 'ya'yanmu ba tare da cacar baki da surukai ba.

To, wajen ƙarshen mulkin soja ma'aikatarmu ta tura mu kwas Ingila, ni da abokiyar aikina Madam Laraba. Ita ta zuga ni. Wai an fito da wata allura da ake yi a goshi, ta kwantar da naman wurin, duk tattarewar fata ta baje. "Hajiya, goshin nan naki kamar an yi huɗar dawa," in ji ta. (Ita fa ba ta yi ba. Jaka ta riƙe mini, munafuka.) Ni kuma, uwar son a ce ban tsufa ba, na miƙa kai.

Da na dawo gidana a Doka, kowa na cewa kwas ya karɓe ni. Ina ta fankama. Ban taɓa tsayawa gaban madubi na gwada yin fushi ba, wa yake gwada wannan?

Ana haka aka kawo lefe daga Badarawa zuwa babban gidanmu na Unguwar Dosa. Bilki 'yar ƙanena ce marigayi, kuma dangin angon sun san ba uba tsaye a kanta. Wallahi kayan wulaƙanci suka zubo: atamfa 'yar roba, leshin da ya koɗe a rataye a shago, har da wani zane mai ƙamshin turaren wata, an ɗaura an wanke an ninke. Jinina ya tafasa. Na haɗa gira. Wato a zatona na haɗa.

Yaya Hajiya ta dube ni, ta sake dubana. Na yunƙura, na matsa, har kunnena na zafi. Goshi sumul kamar faranti. Kawai sai na ji guɗa.

Ban san lokacin da na karya al'ada ba. "Yaya, wannan kayan raini ne."

Gwaggon ango ta nuna ni, ta tuntsure da dariya. "Kai, Hajiya akwai barkwanci. Ku dubi fuskarta don Allah, har ƙyalli take yi."

Ɗaki ya ɗauki dariya, har da 'yan'uwana. Ina ta faɗa, suna ta tafawa, aka miƙa tukuici a kan idona.

Bayan an watse na tarar da Bilki a ƙurya tana jujjuya zanen nan. Ba ta ɗago ba ta ce, "Gwaggo, da Baba na da rai, da ba ki sakar musu fuska ba." Na yi rantsuwa, na yi bayani, na yi kuka. Ko a kukan ma goshin nan bai motsa ba, to da me za ta yarda?

Bayan 'yan watanni allura ta sake ni, layukan goshina suka dawo har da 'yan rakiya. Abin da na koya shi ne, kafin mace ta gyara wani abu a jikinta, ta fara duba ko da shi take wa dangi aiki. Bara aka kawo lefen 'yar Bilki. Cikin ladabi Bilki ta ce mini, "Gwaggo, ke za ki kula mana da rabon abinci a tsakar gida."