Yadda Za Ka Shekara Kana Wanke Tankin Ruwa Ba Ka Jiƙa Hannu Ba

Idan kana da motar shaƙatawa, irin mai gado da murhu da famfo a ciki, kana kuma da iyalin da suka ɗauka ritaya na nufin ka zama ɗan aike, gyara zama. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan, kowace Alhamis za ta zama taka kai kaɗai. An gwada su a nan garin Tiznit, a kan maƙwabcina Si Idder, wanda ya koyar da taswira shekara talatin, ya ajiye alli, ya sayi tsohuwar mota wurin wani Bafaranshe da ciwon gwiwa ya raba da tuƙi.

Mataki na 1: Bar ruwan ya kai ƙara da kansa

Kada ka fara cewa tanki na son wanki. Mai ilimi ba ya neman aiki, jira yake a roƙe shi. Bar ruwan ya yi wata biyu a rana har gansakuka ta kafa gida.

Ranar da Zayna, matar Idder, ta buɗe famfon don ta ɗauraye kofi, da baya ta fito tana toshe hanci.

"Malam, me ya mutu a motar nan?"

"Kimiyya ce, Zayna. Tanki ne ke neman kulawa ta musamman."

"To saurara. Inna za ta zo da ranin baɗi, a motar nan za mu kai ta bakin teku. In ruwan nan ya ɓata mata shayi, wallahi Hmad zan bai wa motar ya riƙa jigilar kaji. Kar ka manta awarwarona aka sayar aka saye ta."

Hmad ƙaninta ne. Tuni ya auna gadon da takunsa, ya ce keji shida za su zauna.

Mataki na 2: Sayi kayan aiki inda za a gan ka

Ruwan khal, mai tsamin nan na salak, kwalba biyu, lemon tsami cikin kwando, sabon tiyo. Kada ka sa su a jaka. Rataya tiyon a kafaɗa ka ratsa unguwa a hankali, kana amsa gaisuwa da fuskar wanda aka kira tiyata. Tiyon ba za ka taɓa amfani da shi ba, amma shi ne shaidarka.

Mataki na 3: Bayyana ƙa'idar girgiza

Nan ne gishirin. Gaskiya ce magani ba ya kai lungun tanki sai an girgiza, kuma mota ba kwalba ba ce da za a ɗaga a jijjiga. Dole a tuƙa ta. Ƙarya mafi daɗewa ita ce wadda rabinta gaskiya ne.

"Titin gari ya cika santsi," in ji Idder. "Sai tsohuwar hanyar teku, mai gargada."

"In zo in taya ka?"

"Ke da ciwon kanki? Warin khal zai kwantar da ke kwana uku. Bar ni in sha wahalata."

Mataki na 4: Ba magani lokaci ya jiƙa

Awa huɗu, ba a taɓa shi, ba a yi masa surutu. Ina za ka yi wannan jiran in ba a bakin ruwa ba?

Can Mbarek, tsohon ma'aikacin gidan waya, ya riga ya hura gawayi, kifin sardin na kitse a kan wayar gashi.

"Injiniya ya iso! Yau ma tiyatar ce?"

"Rufa min asiri, Mbarek, juya kifin nan kar ya ƙone."

Lemon tsamin ya tafi kan kifi. Khal ɗin ya shiga tumatir da albasa. Babu abin da aka ɓarnatar. Shayi kuwa da ruwan kwalba Idder ke dafawa, don ya yi jami'a, ya san abin da ke cikin tankinsa.

Mataki na 5: Koma gida a gajiye

Sa Mbarek ya yayyafa maka ruwa a gwiwar wando. Shiga gida kana dafe ƙugu.

"Ya wanku?"

"Saura kaɗan. Sai an maimaita mako mai zuwa. Kuma kar a buɗe famfon, magani na aiki."

"Tankin nan ya fi amarya shan wanka," in ji Zayna.

Haka Idder ya ci Alhamis kusan hamsin. Ya yi ƙiba, ya yi duhu, ya fara waƙa a banɗaki.

Mataki na 6: In ranar ta zo, dogara da sukari

Rani ya zo, Lalla Ijja, innar Zayna, ta sauko daga ƙauyen 'yarta ta fari da sandarta. Aka kai ta bakin teku, aka shimfiɗa mata darduma. Idder ya leƙa ƙarƙashin gado inda yake ɓoye ruwan kwalba. Wayam.

"Na sauke su a gida," in ji Zayna tana murmushi. "Me za mu yi da su, mai tanki kamar madubi?"

Kada ka firgita. Tafasa ruwan tankin sosai, cika buta da na'ana'a, ka ɗauko dunƙulen sukari kamar kan jariri. Da irin wannan sukari, ko ruwan wankin ƙafa sai a yaba.

Idder ya kai sukarin bakin buta, tsohuwa ta ɗaga sanda.

"A'a, ɗana. Likita ya raba ni da sukari tun azumi."

Ya ɗaga butar sama ya tsiyaya. Kumfa ta taso da ɗan kore-kore. Yana kallon gadonsa, yana ganin kaji jere a kai.

Lalla Ijja ta kurɓa. Ta sake kurɓa. Sai ga hawaye.

"Inna, tofar!" in ji Zayna.

"In tofar da me? Wannan ai ruwan ramin gidan babana ne, inda muke tara ruwan sama a kan dutse! Shekara arba'in ina shan ruwan famfo mai warin asibiti. Ƙaro min, ɗana."

Mataki na 7: Karɓi nasararka

"Zayna, gaya wa Hmad ya nemi amalanke. Motar nan ba ta zuwa ko'ina. Kai kuma, hannunka mai albarka ne, ka kai tankin nan daidai inda ya kamata. Daga yau kada ka ƙara wanke shi."

Zayna ta dubi hannun mai albarka, ta dubi can gefe inda Mbarek ke fifita gawayi yana yi kamar bai san su ba.

"Ka ji, Malam? An hana wanki. Alhamis ɗinka ta zama babu aiki."

"Babu aiki?" in ji tsohuwa. "Madalla. Sai ya riƙa kawo ni nan shan shayi. Kai ma zuba ka sha, ɗana, kar ka yi min kara."

Ya zuba. Ba sukari. Ya sha tas, ana kallonsa.

Sanarwa

Alkawari na cika: motar tana nan, hannun Idder bai jiƙe ba. Cewa Alhamis za ta zama taka kai kaɗai, ban faɗi har tsawon yaushe ba. Ciwon ciki, jigilar kaji, ko surukar da ta fasa komawa ƙauye, babu ruwana da ko ɗaya. Ni ba ni da mota, ba ni da tanki, kuma duk Alhamis yanzu ni ke zaune a kujerar Idder wurin Mbarek.