Motar Alhaji Sai-Gaba

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa Jimeta baiwa da su, dole a fara da Alhaji Mele na Nassarawo, in kuwa aka manta, shi da kansa zai tunatar. Babban dillalin banda ne, kifinsa har Anacha yake kaiwa. Ga cikar zati, ga cikar ciki, ga murya wadda in ya yi ciniki da ita a bakin kogi ake jin farashin a tsallake. Tun da kakansa ya zo daga Borno da jakin kanwa, gidan bai taɓa fitar da mai hangen nesa irinsa ba. Shi ya gaya mana haka, mu kuwa ba mu ga dalilin musa wa mutumin da ya fi kowa sanin kansa ba.

Alhaji yana da aƙida guda, kuma ba ya rowarta. "Ni Mele," yakan ce, "tun da uwata ta haife ni ban taɓa komawa baya ba. Ciniki ne, magana ce, tafiya ce, sai gaba." Gaskiya yake faɗa. Ko hularsa ya manta a gida ba ya juyawa, sai dai ya tsaya a rana a biyo shi da ita. Don haka 'yan kasuwa suka laƙaba masa Alhaji Sai-Gaba, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce, har yana amsawa da ɗaga hannu.

Bayan an koma tuƙi ta hannun dama da 'yar tazara, kasuwa ta yi masa kyau. Ya tafi Kano ya dawo da wata doguwar mota launin madara, sabuwa dal, leda ma ba a cire daga kujeru ba. Ya ajiye ta a ƙofar kasuwa, ya jira jama'a suka taru, sannan ya buɗe ƙofa ya nuna wajen ƙafar direba.

"Ku leƙa da kyau. Kun ga kuloci? Babu. Wannan ita ake kira otomatik. Da hankalinta take canja giya, ba ta jiran a roƙe ta. Mota ce ta mutanen da suka gama wahala a duniya."

A ranar ya sallami direbansa, don a ganinsa ba a ajiye masu hankali biyu a mota ɗaya, balle uku.

Sai dai motar ta zo da aibi babba: ba ta da ƙara, kuma tana da sauri. A garin nan kuwa babban mutum ba ya wucewa fuu kamar wanda ake bi bashi. Yakan rage tafiya, ya sa hannu waje, a ce masa "Barkama," wato ranka ya daɗe, ya tambayi gida da gajiya da zafi, a amsa, ya matsa gaba kaɗan a sake. Masu tsofaffin motoci sukan taka kuloci su ba injin wuta, don na cikin rumfa ya san wane ya iso. Juma'ar farko Alhaji ya ratsa kasuwa tun daga wannan baki har wancan, motar tana sulalewa shiru, ba wanda ya ɗaga kai. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya koma gida ko furarsa bai sha ba.

A nan ne hangen nesan ya yi aikinsa. Alhaji ya lura ƙafarsa ta hagu tana zaune ba aikin fari, sai ya ba ta birki, ya bar wa ta dama totur, ya taka su tare. Motar ta yi ruri, ta kuma yi rarrafe. Abin da ake nema ke nan. Tun daga ranar haka yake tuƙi, daga Nassarawo zuwa kasuwa, daga Jimeta zuwa Yola ran Juma'a, cikin zafin bazarar da ke sa kare ya rasa inda zai kwanta. Mai keke yana wuce shi, mai jaki yana wuce shi, amma ba wanda ya isa ya ce bai gan shi ba. Da wani ƙauri ya fara tasowa daga ƙarƙashin motar, matarsa Kellumi ta yi magana. Ya ce mata ƙamshin sabunta ne, ba kowane hanci ya san shi ba.

To, a daidai lokacin nan kujerar shugaban ƙungiyar dillalan kifi ta zama babu kowa, kuma Alhaji yana son kujerar nan, so na gaske. Yana so a daina tuna jakin kanwar kakansa in an ambaci gidansu. Aka kuma ce wani babban jami'i zai zo daga Maiduguri ya duba inda za a gina wa masu kifi rumfuna, sannan a yi zaɓe. Kowa ya san yadda abin yake tafiya. Wanda ya ɗauko baƙo a motarsa daga wurin fito, shi ke da kunnen baƙo har masauki, kuma shi ne bakin ƙungiya a idon jama'a. Masu mota a cikin dillalan kifi su biyu ne rak. Na biyun shi ne Manasseh, mutumin wajen Numan, mai wata tsohuwar a-kori-kura da ba ta taɓa tashi da makulli ba, kullum sai an tura. Alhaji kan ce ba mota ba ce, amalanke ce da ta yi karatu.

Ana saura kwanaki baƙo ya zo, otomatik ta fara nuna halin da ba a san ta da shi ba. A ba ta wuta ta yi shiru tana tunani, sannan ta zabura. Ta fara wani kuka siriri. Alhaji ya ce tana sabawa da ruwan Binuwai ne. Ana gobe baƙo zai iso, a daidai ƙofar kasuwa, injin ya yi rurinsa kamar kullum, motar kuwa ta tsaya cak. An daɗe ba wanda ya gane bambanci, har shi Alhajin, wanda ya ci gaba da ɗaga hannu yana amsa gaisuwa. Sai da mai goron da ke gefensa ya gaishe shi karo na uku, sannan ya lura mutum ɗaya yake ta gani.

Aka kira Ishmael, babban bakanike na garejin bakin tasha, wanda manyan motocin Mubi ba sa wuce shi. Ya shiga ƙarƙashi ya daɗe, ya fito yana girgiza kai.

"Alhaji, na gane ciwon. Motan ka ba shi da kuloci. Tun can kamfani an cuce ka."

Alhaji ya yi masa bayani mai tsawo, Ishmael ya saurara cikin ladabi, bai yarda ba. Ya tsiyaye man giyabos, ya ga ja ne da ya koma ruwan ƙasa yana warin ƙuna, ya ce jinin motar ya lalace, ya ɗura mata baƙin mai mai kauri irin na tirela. Daga nan aka yi mata maganin da ake yi wa kowace mota a Jimeta, wato aka tura. 'Yan dako suka tura ta gabas, suka turo ta yamma, Alhaji yana ciki yana ba da umarni. Motar da aka sayo don kada a roƙe ta, ga rabin kasuwa yana roƙonta da kafaɗa, ita ko a jikinta. Can Ishmael ya ja sandar giya zuwa ribas don ya gwada, sai ta yi tsalle da baya ta kusa kwashe teburin mai shayi. Aka gwada gaba, shiru. Aka gwada baya, lafiya lau. Kayan gyara kuwa sai Kano, ko ma Ikko.

Da Alhaji ya iso gida da baya, Kellumi ta ce, "Alhaji, ka bar wa Manasseh ɗaukar baƙon nan mana. Mota ce ta yi ciwo, ba kai ba."

"Ni in bar baƙon gwamnati ya shiga amalanke? Na riga na faɗa a gaban jama'a ni zan ɗauko shi. Ni Mele ba na komawa baya."

Washegari da hantsi ya tafi wurin fito da baya. Ya murɗa wuya, ya rungume bayan kujera da hannu guda, babbar rigarsa ta naɗe a sitiyari, yana haki yana kauce wa awaki. Jama'a suka tsaya a bakin hanya sun rasa wane ɓangaren motar za su gaisar. Wasu suka gaida but ɗin baya. Da jirgin fito ya iso, baƙon ya sauko, dattijo ne siriri, gajiyar hanya ta gama da shi. Alhaji ya gyara hula ya yi jawabi.

"Ranka ya daɗe, a ƙasashen da suka waye ba a barin babban baƙo ya juya wa masu rakiyarsa ƙeya. Don haka na shirya maka tafiya ta musamman. Kana zaune, kana kallon jama'arka, suna kallonka. A duk Jihar Arewa maso Gabas, kai ne na farko da aka yi wa haka."

Baƙon ya dubi motar, ya dubi Alhaji, ya shiga, don shi mai kunya ne. Aka fara hawan gangaren yashi da baya, a-kori-kurar Manasseh tana biye hanci da hanci. Kuma in za a faɗi gaskiya, tana hawa. Da Alhaji ya bar ta, da ta kai su kan kwalta. Amma a tsakiyar gangaren ya ga taron da bai taɓa ganin irinsa ba, duk idanu a kansa, ana ta "Barkama, Barkama." Ƙafar hagu ta nemi birki da kanta, ta dama ta nemi totur. Motar ta yi ruri na ƙarshe, wani abu ya ce ƙaras a cikinta, ƙamshin sabunta ya turnuƙe baƙo har ya yi tari. Ribas ma ta bi 'yan uwanta.

Manasseh ya kashe tasa motar ya fito da igiyar ɗaure buhun banda. "Sannu Alhaji. Motan ya gaji ne kawai. Bari in ja shi, kar baƙo ya sha rana."

Aka taru aka juya otomatik da hannu. Aka tura a-kori-kura, ta yi tari biyu ta tashi, kamar yadda ta saba. Baƙon ya koma kujerar gaban a-kori-kura cikin ƙamshin kifi, Manasseh kuwa ya yi masa zancen rumfuna tiryan-tiryan har Yola. Alhaji yana baya a ƙarshen igiya, riƙe da sitiyari, yana ɗaga wa mutane hannu. A ƙofar masauki ya gaya wa waɗanda suka taru cewa shi ya sa Manasseh a gaba don ya share masa hanya.

Aka yi zaɓe, Manasseh ya ci. Alhaji ya ce dama kujerar ta yi masa kaɗan, amma ranar ma bai sha fura ba.

Kayan gyara har yanzu suna hanya. Motar tana ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gidansa a Nassarawo, Kellumi tana shanya kuɓewa a kan bonet da safe. Da la'asar Alhaji kan sa babbar riga ya shiga ya zauna, ya sauke gilashi, ya sa hannu waje, masu wucewa suna gaishe shi. Wata rana wani maƙwabci ya tsaya yana yi wa Gogo, ƙanwar mahaifin Alhaji, jajen lalacewar mota. Tsohuwar ta leƙa ta ga ɗanta a ciki yana amsa gaisuwar mai ruwa.

"Wace lalacewa?" ta ce. "Ai sai yanzu ta gyaru. Dama don ta tsaya a kalle shi ya saye ta."