Bazazzagin da Bai San Wasa Ba

Ba zan taɓa mantawa da yinin da aka ɗaura auren Nawal, 'yar yayana marigayi ba, kuma ko na so mantawa dangi ba za su bar ni ba. Har yau in aka taru a gidan Goggo Asabe a unguwar Jarwal ta Makka, aka ci aka sha, sai wani ya gyara murya ya ce, "Halas, ma fi zawaj," wato da Larabci an gama, babu aure, falo ya kwashe da dariya. Ni na faɗi wannan maganar, a gaban jama'a, da bakina. Amma bari in gaya muku tun yanzu, har gobe ina ganin ba ni kaɗai ke da laifi ba.

A Makka aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, kakana ma a nan ya yi wayo. Hausa kuwa a bakin Goggo Asabe na koye ta, yayar mahaifina, wadda ta raine mu kuma ba ta yarda a yi mata Larabci a ɗaki. Saboda haka na tashi ina ɗaukar kaina gwani. In alhazan Najeriya suka sauka a otal ɗin da nake aiki, ni ake kira in yi tafinta, ina wani ɗaga kafaɗa (ashe Hausar cefane da gaisuwa kawai na iya, sauran tana can inda aka baro ta).

Abin da ya daɗe yana cin raina shi ne asali. Abokan aikina in hira ta yi daɗi kowa sai ya jero kakanninsa kamar mai jan carbi, wane ɗan wane ɗan wane, har shayi ya huce. Ni kuwa daga mahaifina sai kakana, sai wani Malam Idi da aka ce ya zo aikin Hajji a ƙafa bai koma ba. Daga nan hanya ta ƙare. Kuma duk baƙin mutumin da ya tashi a garin nan ya san kalmar da yaran unguwa ke jifan mu da ita in faɗa ya yi faɗa: abd, bawa. Na yi dambe a kanta a firamare, na sha bulala a kanta, na girma ina tsanarta. Don haka na ƙudura sai na gano ko wane ne Malam Idi, in samu abin da zan ajiye a gaban duk mai son raina mu.

Na sha wuya, wannan kam ba wanda zai ƙwace mini. Na zazzage tsohuwar adakar Goggo, na samo takardar auren kakana da ta yi ja saboda tsufa. Na yi ta sintiri gidan jikan wani muɗawwifi, irin masu saukar alhazan ƙasar Hausa a da, har ya gaji da ganin fuskata ya fito mini da kundin kakansa. Na samu wani malamin tarihi a Kaduna, na dame shi da waya har ya shiga ɗakin ajiyar tsofaffin takardu ya duba mini ƙidayar masu haraji ta zamanin Turawa. A ƙarshe komai ya haɗu: Malam Idi maɗinkin riguna ne daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau, ɗa ne, ɗan ɗa, ba wanda ya taɓa mallakarsa. Ranar da na tabbatar da haka sai da na yi ƙwalla a mota. Na kai wa Goggo labari ina rawar jiki, ta dube ni ta ce, "To, madalla," ta ci gaba da tsintar shinkafarta. (Ku riƙe wannan "madalla" ɗin, don a nan nata laifin yake.)

Mutum mai hankali da sai ya adana takardunsa a gida. Ni kuwa sai na kai aka zana mini bishiyar dangi a kan wani ƙaton allo, aka zagaye shi da ruwan zinariya, Malam Idi a gindi, an rubuta ZAZZAU da manyan baƙaƙe, da Larabci da boko. Sai ga auren Nawal ya taso. Ba ta da ɗan'uwa namiji, ni ne waliyyinta. Na ce to ga ranar da allon nan zai ga duniya.

Angon, Faisal, yaron kirki ne, shi ma haihuwar Makka, kuma Nawal ta shekara tana jiran wannan rana. Sai dai su danginsa ba su yanke da gida ba kamar mu. Yayan mahaifinsa, Alhaji Garba, ya taso takanas daga Kano, ya haɗa Umra da ɗaurin aure, shi ne kuma zai karɓa wa Faisal auren. Dattijo ne gajere mai faɗin fuska, da babbar riga da hula, ga murya kamar ya haɗiye lasifika.

Bayan la'asar muka taru a istiraha, gidan bikin da muka kama haya a bayan unguwar Shisha, maza a wannan ɓangare, mata a wancan. Ana zagayawa da gahawa da dabino, ƙamshin tsire yana tasowa daga tsakar gida, mazun, malamin da ke ɗaura aure ya rubuta, ya zauna ya buɗe jakarsa. Ni kuma na sha mishla, alkyabbar Larabawa, a kan jallabiya, na jingine allona inda ko makaho sai ya yi tuntuɓe da shi. Kafin a fara na miƙe na ce ina so surukanmu su san gidan da suka zo neman aure. Na yi jawabi (ba wanda ya roƙe ni), na bi reshe-reshe har na sauko gindi, na buga yatsa a kan sunan Zazzau.

Alhaji Garba ya taso ya matso, ya gyara tabarau ya karanta. Sai na ga fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir.

"Zazzau?" ya ce. "Kai Faisal, ba ka gaya mini gidan bayinmu za ka kawo ni ba. To sadakin mene ne kuma? Ai kayanmu ne. Ku miƙo mana yarinya mu kama hanya."

Dattawan da ke jikin bango suka bushe da dariya. Ni kuwa ji na yi kamar an watsa mini tafasasshen ruwa. Kalmar da na kwashe shekaru ina gudu, ga ta an ajiye mini ita a gaban allona, a bikin 'yata, kuma da Hausa. Na dubi samarin wurin, 'yan Makka irina, na ga su ma sun sha kunu. Wannan ya ƙara mini ƙarfi.

"Ya Alhaji," na ce, "aib ne wannan maganar. Mu 'ya'ya ne. Ina da takardu."

"Takardu?" Ya juya wajen dattawan. "Kun ji, har takardu gare shi. Mu muka rubuta muku su, ɗana, don kada ku ɓata a hanya."

Aka sake kwashewa. Na zaro kwafin ƙidayar harajin daga aljihu (e, har da shi na zo ɗaurin aure, kada ku tambaye ni dalili), na shiga karantawa da ƙarfi, rabi Hausa rabi Larabci. Duk abin da na karanto sai Alhaji ya tafa hannu ya ce, "Madalla, wannan bawan yana da baki, za mu ji daɗinsa." Shi a ganinsa ya samu abokin karawa, ina mayar masa yana mayar mini. Ni a ganina ana yanka ni ne ana dariya. Faisal ya matso yana raɗa mini, "Ya ammi, ishbak," wato baffa me ya same ka, "don Allah zauna," na ture hannunsa.

Daga nan idona ya rufe. Na juya wajen mazun na ce ya rufe jakarsa. Na ce ni ne waliyyi, kuma ba zan ba da 'yar yayana ga gidan da ke kiran kakanta bawa ba. Sannan na ɗaga hannu na yanke hukuncin da ya zama abin tsokanata har yau: "Halas, ma fi zawaj."

Mai zuba gahawa ya tsaya da buta a sama. Faisal ya zauna daɓas, ya dafe kai. Alhaji Garba ya buɗe baki ya kasa rufewa. Ni kuwa ina tsaye na cika na batse, ina jin kaina kamar wanda ya ƙwato wa zuri'a 'yanci. Wallahi har na fara tunanin yadda jikokina za su riƙa ba da labarin.

Sai wayata ta yi ƙara. Goggo Asabe ce daga ɓangaren mata, don labari ya riga ya tsallaka katanga. Ban gama cewa "na'am" ba ta ce, "Buɗe lasifikar wayar nan, ka miƙa ta kusa da baƙon." Na buɗe da murna, na ce yau Alhaji zai gane kurensa.

"Wane Bakano ne," in ji Goggo, "ya shigo gidan iyayengijinsa yana ɗaga murya bai ko durƙusa ba? Don tausayi muka ba ku yarinya. Ku da in aka taya hular kanku sai ku sayar, ku koma gida rana na dukan ku."

Alhaji Garba ya yi wata irin dariya har da riƙe ciki. Ya cire hularsa ya rusuna wa wayar da ke hannuna. "Ranki ya daɗe, Hajiya, ashe akwai manya a gidan. Na ɗauka an bar mana bayin ne ba mai kiwo."

"Za ka ga kiwo in ka zo gaishe ni," ta ce. Sannan muryarta ta sauya, na san kaina ta juyo. "Kai kuma, ya walad, yaro man kaza. Ka ƙare ƙarfinka kana tonon takardu, ka gano mu Zagezagi ne, ba ka taɓa tambayar abin da ke tsakanin Bazazzagi da Bakano ba? Wasa ne, tun ba a haifi Malam Idin naka ba. Shi ya ce bawansa, kai ka ce bawanka, a yi dariya a ci abinci. Ga yarinya nan tana kuka, kwalliya duk ta dame. Ka ɗaura auren nan, ko in sa abaya in shigo in same ka."

Ta kashe waya. Duk wannan a lasifika, kowa ya ji, har mazun da ba ya jin Hausa ya gane an wanke ni tas. Gumi ya karyo mini a ƙarƙashin mishla. Na dubi allona, na dubi takardar da ke hannuna, na rasa aljihun da zan cusa ta. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ni da allon za mu shige tare.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne Alhaji Garba. Da ya fahimci da gaske nake tun farko, sai dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Ɗana, ka yafe ni. Na ɗauka ka sani. Da na ga Zazzau a allon nan daɗi na ji, na ce ashe gida na zo. Wanda ba namu ba ai ba ma yi masa wannan." Dattijo mai furfura, baƙon Allah, yana ba ni haƙuri a gaban mutane kan ya karɓe ni a matsayin ɗan'uwa. Na fi son a ce mari ya ba ni.

Na zauna. Mazun ya sake buɗe jaka yana satar kallona. Da aka zo wajen da zan ce na bayar, sai na faɗa ƙasa-ƙasa, sai da ya sa na maimaita.

Yanzu ku yi mini adalci. Goggo ta san da wasan nan, na kai mata labarin Zazzau har ɗaki, ta kuma san Kanawa za mu aurar wa, amma "madalla" kawai ta iya ce mini. Dattawan da suka yi ta dariya, shekara da shekaru muna sallah sahu ɗaya, ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce ga yadda abin yake a gida. Sun bar mu mun tashi a garin da kalmar nan take ciwo, sannan suna mamakin don mun ji ciwonta. Na faɗa wa Goggo haka daga baya. Ta ce, "Ka tambaye ni? Takarda ka tambaya." Wannan amsar tata ta fi komai ba ni haushi.

Nawal ta daɗe ba ta ɗaga wayata. Da na je gidanta da kaina na ba ta haƙuri, ta kawo mini shayi ta zauna nesa, ta ce, "Ya ammi, Baba ya rasu ya bar ni a hannunka. Kai kuma ka tafi kare mutuncin wanda ya mutu tun ba a haifi Baba ba, ka manta ina bayan katanga ina jira." Ba ta ɗaga murya ba. Na sha shayin nan ban ji ɗanɗanonsa ba.

Abin da na koya dai shi ne, takarda za ta gaya maka garin da kakanka ya fito, amma ba za ta gaya maka wanda ke da izinin tsokanar ka a garin ba. Yanzu in na ji magana ta sosa mini rai a cikin Hausawa, kafin in miƙe sai na dubi fuskar tsofaffi. In suna dariya, sai in koma in zauna, in kira Goggo a waya, kuma ba na buɗe lasifika.